Kafin ka biya kuɗin zama mamba a filin koyon harbi

Shawarar da masu zuwa filin harbi suka fi nanatawa: kada ka yi gaggawar biyan kuɗin shekara. Fara da na awa ko na yini, domin kuɗin mamba mai zuwa a kai a kai kaɗai yake wa amfani.

Ka kuma tambayi kuɗin hayar bindiga. Wurare da yawa, in ka karɓi bindigarsu, dole harsashinsu za ka saya, kuma nan ne aljihu ke jin jiki.

Dokoki kuwa ba a ja da su: abin toshe kunne, tabarau, bakin bindiga yana kallon gaba. Mai kula da fili ya ce a tsaya, ɗauke yatsa daga kunama nan take. In ka gama, wanke hannu saboda ƙurar dalma.