Ina so in zana sunan matata da rubutun Misirawan da, amma manhajojin sun rikita ni

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sana'ar sassaƙa rubutu a jikin katako da inji. Wata mai zuwa za mu cika shekara biyar da aure, ina so in yi wa uwargida allo da rubutun nan na Misirawan da, mai tsuntsaye da macizai, wanda ake cewa hirogilif. Na shiga wani shafi a intanet na rubuta da Turanci cewa ina sonta har abada, na ƙara da sunanta, Aisha. Ya ba ni jerin hotuna. Na gwada wani shafin, sai ya ba ni wani abu daban. Da na kwafo zuwa wayata kuwa, akwatuna kawai nake gani. Wanne ne daidai? Katako ba takarda ba ne, in inji ya ci ya ci.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna, kada ka kunna inji. Duka biyun ba fassara suka yi maka ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauki kowane harafin boko su musanya shi da hoto ɗaya. Kamar ka rubuta Turanci da ajami ne ka miƙa wa Balarabe: zai ga haruffan da ya sani, amma ba zai tsinci komai ba. Misirawan da harshensu daban ne, da kalmominsa da nahawunsa.

Dalilin da ya sa shafukan suka saɓa kuma shi ne wasali. Alamomin da ke tsayawa a madadin sauti ɗaya kusan 24 ne, kuma dukansu baƙaƙe ne. Ba sa rubuta wasula, kamar dai Larabcin jarida. To mai manhaja yana buƙatar A da E da O, sai kowa ya yi dabararsa: wani ya ba A ungulu, wani ya ba shi damtsen hannu. Igiyar zarge da suke sa wa O, da kwantaccen zaki da suke sa wa L, an aro su ne daga yadda aka rubuta sunayen sarakunan Girkawa da suka mulki Masar daga baya, irin su Batlamus da Kiliyofatira. Waɗannan sunayen baƙi ne ma suka taimaki Bafaranshe Champollion ya kwance rubutun a 1822, tare da wani dutse mai rubutu da aka tsinta kusa da garin Rashid na Masar a 1799.

Kuma waɗannan 24 ɗin ɗan kaɗan ne daga ciki. Jerin da masanin tarihin Masar ɗan Ingila, Gardiner, ya tsara a 1927 ya haura alama 700. Wasu sauti biyu ko uku suke ɗauke da shi, wasu kuma ba a furta su sam, ana sa su a ƙarshen kalma don a nuna wane irin abu ake magana a kai.

Mai Zane: Ikon Allah. Ke nan ko sunan ma ba zai yiwu ba, Malam?

Ɗalibin Azhar: Suna zai yiwu, yaya, don su ma da sauti suke rubuta sunayen baƙi. Amma ka bi yadda ake furta shi, ka manta da yadda Bature ke rubuta shi. Duba abin da shafin ya ba ka: na tabbata akwai naɗaɗɗen ƙyalle na S, sannan wata alama ta H a gefensa. Kuskure ne. "Sh" sauti ɗaya ne, kuma suna da alamarsa, wani ɗan kwamin ruwa mai kusurwa huɗu. Abin daɗin ma shi ne suna da ainun, wanda boko ba shi da shi: damtsen hannu a miƙe. To A'isha sai ka sa damtsen hannu, sai karan fadama mai kama da gashin tsuntsu, sai kwamin ruwa, sannan ka rufe da hoton mace a zaune. Wannan macen ba a karanta ta, ita ce ke nuna sunan mace ne. Da Hauwa ce ma, suna da H har iri huɗu, kuma nata shi ne murɗaɗɗen lagwani, daidai da ha mai kauri ta Larabci.

A kasuwar Khan al-Khalili nan Alƙahira, masu gwal da azurfa suna yi wa baƙi sarƙar suna a cikin wani dogon zobe, kuma yawanci harafi da harafi suke bi saboda ciniki. Zoben nan asalinsa igiya ce da aka ƙulle, kuma sunayen sarakuna da matansu ake kewayewa da ita. In ka sa wa uwargida, ka ba ta sarauta ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Ai kuwa ta cancanta! Amma ƙanena, ka tabbatar babu mujiya a ciki. Wace mace ce za ka kai wa allo da mujiya ta yi maka godiya?

Ɗalibin Azhar: Hajiya, ya tsira. Mujiya ita ce M. Da Maryam ya aura, da biyu zai sassaƙa.

Malamin Tarihi: Batun jimlar kuwa, shawarata ka bar Turancin gaba ɗaya. Ka ɗauki kalmar da su da kansu suka rubuta. Suna da "merit", wato abar ƙauna, wadda ake farawa da hoton fartanya, da "jet", wato har abada, mai gamsheƙa da dunƙulen gurasa da shimfiɗar ƙasa. Akwai kuma addu'arsu ta "ankh, waja, senab", rai da wadata da lafiya, alama uku kacal. Ana sa ta bayan sunan sarki, kusan yadda muke cewa ranka ya daɗe. Kada dai ka kwafi dogon rubutu daga hoton kabari don ya yi maka kyau, yawancinsu roƙon allolinsu ne irin su Osiris, ka ga bai dace da ɗakin Musulmi ba.

Wani abu na gefe: masana harshe suna sa Misiranci da Hausa a babban gida ɗaya, tare da Larabci da harsunan Abzinawa. Mutuwa a wurinsu m-w-t ce, huɗu kuma f-d-w. Wanda ya taɓa jin ana cewa "fuɗu" a wasu garuruwan ai ya ji kamannin.

Injiniya: Ni akwatunan zan amsa. Alamomin sun shiga Unicode, wato tsarin da kwamfuta da waya ke gane haruffa da shi, tun 2009, guda 1,071, wayarka ce ba ta da salon rubutun da zai nuna su. Sauke salon rubutun da ake kira Noto Sans Egyptian Hieroglyphs a kwamfuta. Amma tunda sassaƙa za ka yi, manhajar rubuta hirogilif mai suna JSesh ta fi, kyauta ce, kuma tana ba ka damar ɗora ƙananan alamomi a kan juna su cika murabba'i, yadda su suke yi. Ba a jere suke zuba su kamar layin awo ba. Ka kuma lura duk masu fuska su kalli gefe ɗaya, don daga inda suke kallo ake fara karatu. Kada wajen juya hoto a injin macen ta ba sunan baya.

Mai Zane: Allah Ya saka muku da alheri. Na ajiye Turancin. Zan yi "merit" da sunanta a cikin zoben, in fara gwadawa a guntun filawud in ɗora muku hotonsa kafin in taɓa madacin da na saya. Ɗalibin Azhar, macen da ke zaune a cikin zoben za ta shiga ko a waje?

Ɗalibin Azhar: A ciki, a ƙarshe, kusa da ƙullin igiyar. Ɗoro hoton mu gani.