Likita ya ce akwai ƙara a zuciyata, zan iya shiga soja?

Ɗan Bakin Kasuwa:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Shekarata 20, kuma tun ina firamare ba ni da burin da ya wuce in sa kaki. Niyyata idan an buɗe ɗaukar kurata in cike fom, in tafi Defo ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, in Allah ya yarda daga baya in nemi shiga zaratan sojojin nan da ake horarwa a Buni Yadi. Tsawona ya haura mita 1.68 da ake nema. Kullum bayan sallar asuba sai na yi gudu, da yamma kuma ina filin ƙwallo.

Makonni 3 da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ni, na je asibiti. Likitan ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjina, ƙasa da nonon hagu, ya daɗe bai ɗaga ba. Ya ce in kwanta ta gefen hagu, ya sake saurara. Ya ce in tsuguna, in miƙe. Sannan ya ce yana jin wata ƙara kamar huci tsakanin bugun zuciyata, ya rubuta mini takarda in je a yi hoton zuciya. Takardar tana cikin aljihun jakata har yanzu, tsoro ya hana ni zuwa. Wani abokina ya ce in yi shiru kawai, ranar tantancewa mutane sun yi yawa, ba wanda zai tsaya saurare. Ni kuwa ban taɓa jin ciwon komai ba. Me kuke gani?

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan abokin naka yana ƙaunarka, amma shawararsa ba ta da kyau. Ka ajiye ta.

Gudun da kake yi da asuba, da singileti, cikin sanyi, in ka gaji ka tsaya, ba shi ne gudun soja ba. Wata 6 za ka yi a Defo. Takalmin soja a ƙafa, jaka a baya, bindiga a hannu, ranar Maris tana dukan ƙeya, daren jiya kuma ba ka yi barcin kirki ba. Ba ka da ikon cewa "bari in huta". Wancan da kake hange na zarata kuwa, an shirya shi ne musamman don a kai mutum iyakar ƙarfinsa. A can ba kanka kaɗai kake ɗauke da shi ba. In ka faɗi a daji, mutum 4 ne za su bar abin da suke yi su ɗauke ka.

Kuma ba sau ɗaya ake duba soja ba. Ko ka tsallake na farko, akwai wani a gaba kafin kowane babban kwas. Gara ka je da takardar hoton a hannunka. Hukunci na likitocin soja ne, ba nawa ba, ba na abokinka ba.

Anti Nas:

Ƙanena, kwantar da hankalinka tukuna. Na yi shekaru ina aiki a sashen masu ciwon zuciya, kuma abin da nake fara gaya wa mutane shi ne ƙarar nan ita kanta ba cuta ba ce, sauti ne. Zuciya ɗakuna 4 gare ta, da ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa. In jini ya wuce da sauri ko da hargitsi, sai a ji wannan hucin, kamar yadda ruwa ke ƙara in ka matse bakin tiyo. Zazzaɓi yana kawo shi. Ƙarancin jini ma haka, wanda maleriya ke jawowa. Siririn saurayi mai motsa jiki, ƙirjinsa ba kitse, sau da yawa ana jin ƙarar alhali zuciyarsa ƙalau take. Kai kuma da zazzaɓi aka saurare ka, don haka akwai kyakkyawan fata.

Amma akwai iri biyu da ba na so ka yi wasa da su. Na farko shi muka fi gani a nan Arewa: yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan makonni gaɓoɓinsa su kumbura, ciwon yana yawo daga gwiwa zuwa idon sawu. Ya warke, kowa ya manta. Ashe abin ya taɓa ƙofar zuciya, galibi ta ɓangaren hagu, sai bayan shekaru ya bayyana. Kwanciyar da ya sa ka yi ta gefen hagu, wannan ƙofar yake son ji da kyau. In an gano da wuri, allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 tana hana ƙarin lalacewa.

Na biyu shi ne kaurin naman zuciya, wanda ake gada. Ƙararsa tana ƙaruwa in mutum ya miƙe, ta ragu in ya tsuguna, shi ya sa ya ce ka yi haka. Likitanka ya san aikinsa. Wannan nau'in ne yake iya kayar da mai ƙarfi ana tsakiyar gudu, ba tare da gargaɗi ba.

Hoton da ake ce wa eko ba allura, ba ciwo. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, a shafa maka wani mai mai sanyi a ƙirji, kamar rabin awa an gama. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna yi. Kafin ka tafi, ka zauna da Mama ka tambaye ta: ka taɓa kumburin gaɓoɓi kana yaro? Akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi a danginku? Kai kuma, ka taɓa suma, ko ciwon ƙirji, ko jiri kana gudu? Har sai an yi hoton, ka sassauta ƙwallon nan don Allah.

Mai Tsaron Gida:

Tunda ɗan ƙwallo ne kai, ka tuna Nwankwo Kanu na Najeriya. A 1996, ya dawo da zinaren Olamfik daga Atlanta, yana ganiyarsa, gwajin lafiya a Inter Milan ya gano matsala a ƙofar zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo fili, har ya je Arsenal a 1999. Marc-Vivien Foé na Kamaru kuwa, a 2003 ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a Lyon, ana wasa da Kolombiya. Sai bayan rasuwarsa bincike ya nuna kaurin naman zuciyar nan da Anti ta faɗa. Ina kallon wasan a gidan kallo ranar, har yau ban manta shirun da ɗakin ya yi ba. Je ka yi hoton, ɗan'uwa.

Ɗan Bakin Kasuwa:

Baba Saje, Anti, Yaya, Allah ya saka da alheri. Na tambayi Mama jiya da dare. Ta ce ba wanda ya yi irin wannan rasuwar a danginmu, amma ina aji 5 na yi kusan wata guda ba na iya taka ƙafa, gwiwoyina sun kumbura, aka yi ta shafa mini man zafi. Ni na ma manta. Ta yi shiru, sannan ta ce ita za ta raka ni. Na ciro takardar daga jaka, ranar Litinin da sassafe za mu hau motar Zariya. Ku sa ni a addu'a.