Kurciyar Ƙasa da Tattabarar Dutse: Musayar Baitoci

Mai Alƙalami:
Sallama gare ku ma'abota baiti,
Yau na taho muku da tambaya.
Ta ƙasan Amurka, ta dutsen Niyu Gini,
Ni dai a guna duk kurciya.
Wa zai raba mini su da hujja,
Ban da hayaniya da jayayya?

'Yar Baiti:
Malam, ɗora su bisa ma'auni,
Nan take za ka ga gaskiya.
Ƙaramar iyakarta giram 40,
Ka rufe ta ruf a hannu ɗaya.
Ta dutse ta haura giram 250,
Ga faɗin ƙirji, ga wutsiya.

Dattijo:
'Yata, nauyi ba shi ne batun ba,
Ciki ne ya raba musu hanya.
Ta Amurka kanta a sunkuye yake,
Tana tsince tsaba ɗaya-ɗaya.
Ƙafa gajere, tana gyaɗa kai,
Ka rantse ba ta san ka ba a duniya.
Sai ka kusa taka ta, ta yi fir,
Ta buɗe jan fiffike, ta faɗa ƙaya.
Waccan kuwa ɓaure take ci a sama,
Da wuya ka gan ta ƙasa tana tafiya.

Mai Alƙalami:
Baba, na ji, amma ban sallama ba,
Ku dubi yadda suke renon 'ya'ya.
Uwa da uba duk daga maƙogwaro
Suke ba su nono, ba bambanci ko ɗaya.

'Yar Baiti:
Dangi ɗaya ne, wa ya musa maka?
Amma leƙa sheƙa ka sha kallo, Yaya.
Ƙaramar fararen ƙwai biyu take yi,
Ta dutse ɗaya tak, ba ta ƙarya.
Jar fata ce ta kewaye idonta,
Kamar an zana mata da gayya.
Masanin tsuntsaye Salvadori ya ba ta suna a 1874,
Don girmama D'Albertis, mai bincike ɗan Italiya.
Da safe garke zai sauko daga tsauni,
Fiffike na shuuu, kamar iskar hunturu ta biya.
Ita kuwa ƙaramar, Fulorida har Burazil,
Bibbiyu suke kiwo, miji da amarya.

Dattijo:
Madalla 'yata, kin kawo hujja,
Sai dai baitin hunturun nan ya karya.
Ya yi tsawo har numfashina ya ɗauke,
Rage masa gaɓa biyu ki dawo mu jiya.