Wane irin wayarin ya dace da Volkswagen Beetle ƙirar 1965?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina farfaɗo da Beetle ƙirar 1965 wadda robar wayoyinta ta bushe har tana farfashewa. Shin in sayi cikakken wayarin da aka ƙera mata musamman, ko irin wanda ake iya saka wa kowace mota?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, ka tabbatar ko motar tana kan volt 6, domin sai a ƙirar 1967 kamfanin ya fara mayar da Beetle volt 12. Motar volt 6 tana jan wutar da ta ninka ta volt 12 kafin ta kunna fitila mai ƙarfi iri ɗaya, saboda haka siririyar waya za ta yi zafi, fitilun kuma su dushe. Ni dai na fi son wanda aka ƙera mata, tunda tsawon wayoyin da launukansu sun dace da zanen asali.

Amsa ta biyu:
Idan za ka cire dinamo, wato tsohuwar na'urar cajin batir, ka saka ta zamani da ake kira altaneta, na gama-garin ma yana yi, sai dai yankan wayoyin da ɗaura musu kawuna duk a kanka suke.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, kada ka fizge tsohon wayarin kafin ka ɗauki hoton kowace mahaɗa. Ka kankare fenti da tsatsa a duk inda waya ke ɗaure da jikin ƙarfe, ka saka zoben roba a kowane ramin da za ta ratsa, sannan a gwajin farko ka haɗa batir ta ƙaramin fis, domin idan akwai kuskure shi zai ƙone, wayoyin su tsira.