Shawarwari Ga Sababbin Ɗaliban Tattalin Gida

Da aka tambayi waɗanda suka gama NCE (karatun shaidar malanta) me za su faɗa wa ƙannensu, bakinsu ya zo ɗaya kan ɗinki: a fara gwada yanka a takardar siminti kafin a taɓa atamfa, a kuma saba da keken ɗinki na ƙafa, don wuta ba ta da tabbas. Cefanen gwajin girki kuwa, karo-karo ya fi sauƙi.

An fi jan kunne kan darasin abinci mai gina jiki. Masu zaton girki ne zalla sukan sha mamaki, kimiyya ce sosai. Wata ta ce a riƙa haɗa karatun da tukunyar gida: furotin a wake da gyaɗa, bitamin A a manja, gishiri mai ayodin rigakafin maƙoƙo. Ni ma da haka na haddace.