Peugeot 504 Coupé tana tangaɗi a kwana, ta ina za a fara gyara?

Mai Coupé:
Assalamu alaikum. 504 Coupé ce ƙirar 1973, mai silinda huɗu. A kwana tana kwantawa gefe guda, in an taka birki gabanta ya nutse, kuma in ta faɗa rami sai ta yi ta lilo. Tayarta mai faɗin milimita 175 ce a janti mai inci 14. An ba ni shawarar in yanke risor (murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota) ta sauka ƙasa, in sa taya 215. Me masana suka gani?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a ƙyale risor tukuna. Motar da ta haura shekara 50 a zafin Maraɗi, robobinta ne ke fara mutuwa. A ɗaga ta, a sa ƙarfe a ɓamɓari kowane hannun ƙafar motar: silanbulok (robar mahaɗin hannu) ɗin da ya tsage da rotil (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai) ɗin da ke wasa duk a canza su, har da robobin sandar hana tangaɗi. Inda yara ke kuskure shi ne ɗaure kusoshi mota na rataye a jak. Sai an sauke ta nauyinta ya hau taya sannan a ɗaure, in ba haka ba robar na zama a murɗe, ba ta daɗewa ta yage.

Lilon nan kuwa amortisar, wato abin da ke shanye girgiza, ce ta gaji. Bibbiyu ake canzawa, dama da hagu tare. In za a nemo kayan baya, ko nan gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, kada a karɓi na 504 familiyal (doguwar ta iyali) ko akori-kura. Su aksil guda ne a bayansu, Coupé kuwa kowace ƙafa cin gashin kanta take yi.

Mai Taya:
Taya 215 ta yi wa wannan janti faɗi. Gefenta zai riƙa lanƙwasa, sitiyari ya yi nauyi. In ana son ƙarin faɗi, gara a koma janti 15: tsayin taya 175/80 R14 kusan milimita 636 ne, na 195/65 R15 kuma 635, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Samun jantin ne aiki: huji huɗu ne a da'irar milimita 140, irin na 505 da 604. A kula da jantin TRX mai milimita 390, a ido kamar 15 yake amma taya 15 ba ta hawansa. A duba lambobi huɗu na ƙarshen DOT, lambar da ke gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara 6 ta fara bushewa, ko zanenta na da kyau. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin kwalta ta yi zafi.

Mai Awon Ƙafa:
Tsohon Bakanike ya yi gaskiya, sai dai zan ƙara kan yankan risor. Wutar walda na kashe ƙarfin ƙarfen, kuma da wuya biyun su fito daidai. Sannan bayan 504 in ya sauka, saman tayoyin na karkata ciki, su cinye ta gefen ciki. Ga tudun rage gudu, ga rairayin unguwanni, duk cikinta zai riƙa gogarsu. In dole ne, a sa risor da aka ƙera gajere, kada saukin ya wuce santimita 2 zuwa 3.

Sandar hana tangaɗi ta baya kada a ƙara mata kauri ita kaɗai, bayan motar zai riƙa zamewa a kwana. Awon ƙafa, wato daidaita saitin tayoyi, shi ne aikin ƙarshe, bayan an ɗan zaga da ita sababbin kayan sun zauna.