Tambaya kan ranar ɗibar ƙwai a aikin dashen ciki

Baiwar Allah, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Shekararmu 9 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma bayan gwaje-gwaje likita ya ce hanyoyin ƙwaina duka biyun a toshe suke, saboda haka ya ba mu shawarar dashen ciki, wanda suke kira IVF, wato a haɗa ƙwaina da maniyyin maigidana a asibiti, sannan a mayar cikin mahaifata. Yau kwanana 6 da fara alluran girmar da ƙwai, an ce mako mai zuwa za a ɗebi ƙwan. Tsoro ya hana ni barci, domin wata maƙwabciyata ta ce tsaga ciki ake yi. Daga ƙauyenmu zuwa asibitin da ke cikin Kano tafiya ce mai nisa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini abin da zan tarar.

Ma'aikaciyar jinya, daga Dutse:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba a tsaga ciki. Za a sa miki maganin barci ta jijiyar hannu, sannan likita ya shigar da na'urar hoton ciki ta gaba, wadda ke ɗauke da wata siririyar allura. Yana kallon allon na'urar zai kai allurar cikin ƙananan jakunkunan ruwa da suka girma a ma'ajiyar ƙwai, ya zuƙo ruwan tare da ƙwan da ke ciki. Aikin yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, ki huta awa ɗaya ko biyu, a sallame ki a ranar. Za a hana ki ci da sha na wasu awoyi kafin a shiga da ke, kuma wannan ba abin wasa ba ne, saboda maganin barcin.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne allurar ƙarshe, wadda ke ƙarasa nunar da ƙwan. Ana ɗibar ƙwan bayan awa 34 zuwa 36 da yin ta. Idan aka yi gaggawa ƙwan bai nuna ba, idan kuma aka makara jiki zai iya sakin su kafin likita ya kai gare su, wahalar kwanaki da kuɗin da aka kashe su tafi a banza. Idan an ce ƙarfe 9 na dare, to, ƙarfe 9 ɗin za a yi ta.

Maman 'Yan Biyu, daga ƙasar Dambatta:

Ƙanwata, ni an yi mini sau biyu. Ban san an yi an gama ba, sai farkawa na yi na ga yayata zaune riƙe da hijabina, marata tana ɗan murɗawa kamar ta al'ada, da ɗigon jini kaɗan da ya ɗauke washegari. Kuskuren da na yi a karon farko shi ne komawa ƙauye a ranar, muka hau babur daga bakin titi zuwa gida a kan hanyar burji, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har ƙahon zuciya. A karo na biyu sai na sauka wurin 'yan'uwa a birni tun ana jibi, na ƙara kwana uku bayan aikin. Ki yi haka in da hali, kuma ki bar daka da jan ruwa a rijiya har sai likita ya ba ki izini.

Wani abin da ya sa ni kuka shi ne lissafi. A hoto an ƙirga mini jakunkuna 14, aka samu ƙwai 10, guda 7 ne suka nuna, 5 suka haɗu da maniyyin maigidana. Na ɗauka asara ce, ashe haka abin yake, lamba tana raguwa a kowane mataki. A kwana na biyar aka mayar mini da dashen.

Wani magidanci, daga Gumel:

Malama, ki sanar da maigidanki cewa ranar tasa ce shi ma, domin galibi a safiyar ake karɓar maniyyinsa, kuma akan nemi ya ƙaurace wa kusantar iyali na kwana 2 zuwa 5 kafin nan. Kada kasuwa ko gona ta riƙe shi, tunda ba za a bar ki ki tafi ke kaɗai ba alhali maganin barci bai sake ki ba.

Baiwar Allah:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Idan na koma gida, wace alama ce za ta sa dole in dawo asibiti?

Ma'aikaciyar jinya:

Ɗan kumburin ciki da taurin bayan gida na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne, ki yawaita shan ruwa, ki sha maganin ciwon da aka rubuta miki kawai. Amma idan cikin yana ƙara kumbura da sauri, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai, ko numfashi ya yi miki wuya, wannan alama ce ta cewa alluran girmar da ƙwan sun yi wa ma'ajiyar ƙwan ƙarfi har ruwa yana taruwa a ciki. Haka nan zazzaɓi, jiri, ko jinin da ya wuce na al'ada. A irin wannan hali kada a tsaya jiƙa magani ko zuwa kemis, a kira lambar asibitin ko da tsakar dare ne, kuma tun yanzu ku yi magana da mai motar da zai iya fita da ke daga ƙauyen a kowane lokaci.